Dodon da Ya Ari Hannun Masaji

Masaji Onodera mai awara ne, kamar yadda ubansa ya kasance, a wani ƙaramin gari na kan tudu a arewacin Japan, inda ƙanƙara kan rufe bakin ƙofa wata huɗu a shekara. Shekara arba'in da ɗoriya yana tashi kafin carar zakara, ya niƙa waken suyan da ya jiƙa tun jiya, ya dafa, ya tace, ya danne a akwatin katako, sannan ya yanka a cikin ruwan sanyi. Tsakanin ruwan zafi da na sanyi hannuwansa suka koma jajaye, kumburarru, duk faso. Yatsansa na hagu, na kusa da ƙaramin, injin niƙa ya cinye masa gaɓa ɗaya tun yana saurayi. Ba shi da yawan magana. In ka ce masa awarar yau ta yi daɗi, sai ya karkata kai gefe ya sosa ƙeya, amsarka ke nan.

Matarsa Yaeko ta rasu shekara goma sha tara da suka wuce, ta bar masa 'ya ɗaya, Minori, tana da shekara sha huɗu. Minori na gama sakandare ta ɗauki jaka ta tafi Tokyo. Tun daga nan sai dai katin gaisuwar sabuwar shekara, da waya sau ɗaya ko biyu, wadda ba ta kai a tafasa ruwan shayi an gama.

Wata shekara katin ya zo da ƙarin layi biyu: "Wata mujallar manga, ta labaran zane, ta karɓi labarina. Da sunan aro nake fita, na namiji, kada ka gaya wa kowa."

Mutum ɗaya ya gaya wa, ita ma don dole. Tokiko ce mai kantin littattafai na bakin tashar jirgi, 'yar ajinsu tun firamare, kuma a wurinta kaɗai ake samun mujallar. Duk Litinin, da ya gama cinikin safe, sai ya cire farin takalmin roba ya nufi kantinta.

"Ga yaronmu ya iso," in ji Tokiko kullum. "Shekara sittin da takwas, ana layin manga da 'yan makaranta. In haɗa maka da alewa?"

"Miƙo, Toki. Wake na jirana."

"Wake ba ya gudu. Zauna ka karanta a nan, in ga fuskarka."

Ba ya zama. A gida yake karantawa, bayan ya wanke hannu ya goge, kada ya jiƙa takarda. Da farko ma bai san ta inda ake bin akwatunan zanen ba. A hankali ya gane. Labarin wata mafarauciya ce mai ido ɗaya, da ke yawo ƙauye-ƙauye da lauje tana farautar dodanni. Dodannin nan duk dā mutane ne. Kuma ƙarfe ba ya cin jikinsu sai mafarauciyar ta tono abin da ya mai da su haka, ta faɗa musu shi ido da ido. Shi ya sa kowane faɗa kan ɗauki makonni: ana zubar da jini, ana kuma bincike. Mutane suka haukace a kan labarin. Wai har manyan magidanta na share hawaye a jirgin ƙasa saboda mutuwar dodo.

Shi Masaji zanen yake kallo. Yarinyar ba ta zana ƙanƙara, barin takardar take yi fara, ta zuba baƙar tawada a kewaye, sai ka ji sanyi ya shiga ƙashinka. Duwatsun labarin kuwa nasu ne. Ya san kowane tudu, har da gadar da Yaeko kan tsaya ta huta in sun dawo daga gona. Shekara huɗu yana karantawa, bai taɓa ce wa 'yarsa ya gani ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Wata Litinin a farkon sanyi, ya shiga kantin ya tarar Tokiko ba ta tsokane shi ba. Ta miƙo mujallar a cikin leda, tana kallon wani wuri.

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Sabon dodo aka kawo."

"To?"

"To, je ka gani mana. Ni me na ce?"

Dodon yana zaune ne a gaban wata ƙatuwar tukunya mai tafasa. Ba shi da fuska sosai, tururi ya rufe ta. Aikinsa shi ne ya bi gidaje ya kwashe duk wani abin da aka zana ko aka rubuta, ya cusa a wutar ƙarƙashin tukunya, masu gidan kuma su wayi gari sun manta kamannin 'yan uwansu. A shafi na ƙarshe aka zana hannunsa, ya cika takardar baki ɗaya. Kumburarre, duk faso, yatsa na kusa da ƙaramin babu gaɓa ɗaya.

Masaji ya ajiye mujallar a kan tabarma. Ya ɗora hannunsa na hagu kusa da shafin. Har tabon ƙunar da ke gindin babban yatsa yana nan.

Ya san abin da ake nufi, ba sai an yi masa fassara ba. Mako guda bayan addu'ar kwana arba'in da tara ta Yaeko, ya shiga ɗakin Minori neman almakashi, ya ci karo da littattafan zanenta guda uku. Ya buɗe na sama. Abin da ya biyo baya shi ne ya kwashe su duka ya sauko ƙasa, ya tura su a wutar tukunyar wake, yarinyar na tsaye da kayan makaranta tana kallo. Ya ce mata, "Zanen banza. Ki je ki yi karatu." Ba ta yi kuka ba. Ba su kuma sake tayar da maganar ba.

Daga ranar da dodon nan ya fito, Masaji bai ƙara samun sukuni ba. Ya san ƙa'idar labarin. Komai daɗewa mafarauciya za ta tsaya gaban dodon ta faɗi abin da yake, kuma duk ƙasar za ta karanta. Me Minori za ta sa a bakinta? Mugu? Jahili? Wanda ya kashe matarsa da aiki? Yakan ƙirga ranaku daga Litinin zuwa Litinin kamar mai jiran hukuncin alƙali.

Mako na biyu dodon ya karkata kai ya sosa ƙeya. Mako na uku aka nuna yana ɗaura tawul a goshi, irin ɗaurin da Masaji ke yi, kulli a gefen hagu. Sai tsoron kada mutanen gari su gane shi ya ƙaru a kan na farko. Wata ma'aikaciyar jinya da ke sayen awara kullum, wadda jakarta ke ɗauke da hoton mafarauciyar, ta tsaya rannan tana kallon hannunsa lokacin da yake miƙa mata leda.

"Baba Onodera, hannun nan naka..."

"Inji ne. Tun ba a haife ki ba."

"A'a, gani na yi kamar na san shi a wani wuri."

"Kullum kina ganinsa ai."

Washegari ya fara sa safar roba, abin da ya ƙi yi duk rayuwarsa, don ya ce roba ba ta jin awara. Da gaskiyarsa kuwa. Awarar ta fara fitowa wata rana ruɓus, wata rana da ɗaci-ɗaci. Tsofaffin masu saye ba su ce komai ba, sai dai suna tambayarsa ko ya je asibiti kwanan nan.

"Ka kira ta mana," in ji Tokiko. "Waya ba ta cizo."

"In ce mata me?"

"Ka ce, 'Ke, don me kika mai da ubanki dodo?' Ko ni in kira? Bakina ba ya nauyi."

"Wannan kam kowa ya sani."

"Shige-da-fice kake ta yi a kantina kamar kazar da za ta yi ƙwai. Dubi yadda ka rame. Masa, me ka yi wa yarinyar nan ne?"

Ya ɗauki ledarsa ya fita.

Mako na bakwai aka kai gaɓar. Mafarauciya ta sha kashi, laujenta ya karye, tana durƙushe cikin toka. Ta ɗago ido ɗayan nan ta dubi dodon, ta buɗe baki. A nan shafin ya ƙare. Masaji ya lura da wani abu da wataƙila ba kowa ya gani ba: layukan zanen makon nan ba su da ƙarfin da ya saba gani. Akwai inda alƙalami ya yi rawa.

Litinin ta gaba ya riga Tokiko isa bakin kanti. Ya buɗe mujallar a tsaye, ya bi ta daga farko har ƙarshe, ya sake dawowa. Babu labarin. Sai wani ɗan akwati a ƙasan shafi: saboda rashin lafiyar mai zane, an dakata sai yadda hali ya yi.

Ranar ya kira. Waya ta yi ta ƙara babu mai ɗauka. Ya kira da rana, ya kira da yamma, ya kira washegari. Mako na biyu sanarwar nan dai, mako na uku ita ce. Tokiko, da ke leƙa abin da mutane ke rubutawa a waya, ta fara kawo masa labarai: wai mai zanen na asibiti, wai ya gudu, wai ya faɗi a kan teburin aiki. Da ta ga yadda fuskarsa ta koma, sai ta daina. Yanzu Masaji ya manta da abin da za a ce a kansa. A ce komai ma. Yana tsaye gaban tukunya sai ya ga Minori kwance a ƙasan wani ɗaki, waya na ƙara kusa da kanta. Ya taɓa jin irin haka na faruwa a Tokyo, sai maƙwabta sun ji wari.

Ranar Laraba ya rubuta a kwali cewa kanti na rufe, ya manna a ƙofa. Rabon da ya yi haka tun jana'izar Yaeko. Ya zuba awara huɗu a robar ruwa, ya naɗe da zane, ya ɗauki katin sabuwar shekara mai adireshi, ya hau jirgin safe. Awa uku da rabi yana rungume da robar a cinya, bai sha ko ruwa ba.

Rana ta yi tsaka lokacin da ya sami gidan, bayan ya ɓata sau biyu. Hawa na uku. Ya danna ƙararrawa, shiru. Ya sake dannawa, ya fara buga ƙofar da tafin hannu.

"Waye ne haka? Na ce muku sai na kira!"

Ƙofa ta buɗe. Minori ce, a tsaye da ƙafafunta, gashi a hargitse, ta rame, hannun dama a ɗaure tun daga yatsu har gwiwa.

"Baba? Me ya faru? Wa ya mutu?"

"Ba ki ɗauki waya ba."

"Na kashe ta ne. Mutanen mujalla sun hana ni sakat." Ta dubi ƙullin da ke hannunsa. "Ka rufe kanti?"

"Na rufe."

Ta matsa gefe ya shiga. Tebura huɗu ne a ɗakin, uku babu kowa, ta sallami masu taya ta aiki. Takardu ko'ina. Bangon da ke gaban teburinta kuwa, daga sama har ƙasa, hannunsa ne. A dunƙule, a buɗe, riƙe da ludayi, riƙe da itace. Sun fi talatin.

Ya tsaya yana kallo. Ita ma ta ga abin da yake kallo.

"Kana karantawa ke nan," ta ce.

"Duk Litinin."

"Tun yaushe?"

"Tun na farko."

Ta zauna a kujera kamar an ture ta. Can ta ce, "To ka gani. Kai ne. Ba zan ce maka ba kai ba ne."

"Na sani. Hannunki fa?"

"Jijiya ce ta kumbura. Likita ya ce in huta, in bai sauka ba a yi aiki. Amma ba shi ya tsayar da ni ba, na yi zane da ciwon da ya fi wannan." Ta ja wata farar takarda ta tura gabansa. An zana mafarauciya da baki a buɗe, da'irar magana a saman kanta babu komai ciki. "Dodanni goma sha ɗaya na kashe, kowanne na san abin da ke cinsa. Na ɗauka in na zana ka zan gane. Na rubuta 'ƙyashi', ƙarya ne. Na rubuta 'rowa', ƙarya ne. Mako uku ina zaune gaban wannan. Ban san me ya sa ka yi ba, Baba. Zanen ne ya yi muni haka?"

Masaji ya ajiye robar a kan tebur, a hankali, kada ruwa ya zuba. Ya nemi inda zai sa ido ya rasa.

"Kin tuna abin da ke cikin littafin da ke sama?"

"Ina zan tuna? Kyanwa, tuddai, tarkace."

"Uwarki ce."

Minori ta ɗago ta dube shi.

"A gadon asibiti. Kwanakin ƙarshe. Shafi bayan shafi." Masaji ya ci gaba. "Ni lokacin in na shiga ɗakin nan, taga nake kallo. Ko robar ruwan da aka rataya. In yi minti goma in ce wake na jirana. Ban iya kallonta ba, Minori. Ban kalle ta ba har ta tafi. Ke kuwa kin zauna kin kalla, kin zana har yadda leɓenta ya bushe. Na buɗe littafin nan sai ga ta tana dubana. Ban taɓa ganin abu mai kama da gaskiya haka ba. Ban san lokacin da na isa gaban wuta ba."

"Ka ce zanen banza."

"Na ce."

"Shekara goma sha tara!" Ta miƙe, kujerar ta faɗi. "Ka san sau nawa na yaga aikina saboda kalmar nan? Duk wanda ya yaba mini sai in ce bai san komai ba ne, wanda ya san ni ya riga ya faɗa. Kuma ashe kana can kana wanke hannu kana karantawa! Kati ɗaya, Baba. Layi ɗaya. Ya gagare ka?"

"Ya gagare ni."

"Kuma ba ni da hotonta ko ɗaya na lokacin. Su ke nan. Ka ƙone su."

Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa tsakanin takardun, ya sunkuyar da kai har goshi ya kusa taɓa ƙasa. Ta juya masa baya ta tsaya a taga, ta daɗe.

"Tashi don Allah," ta ce daga baya. "Kana danne mini shafi na tara."

Ya tashi. Da ya rasa abin yi sai ya shiga ɗan kicin ɗinta, inda babu komai sai kofunan taliyar gaggawa. Ya dafa ruwa, ya ɗumama awara, ya zuba mata 'yar miyar waken suya. Ta ci da cokali a hannun hagu, tana zubarwa.

"Da ɗaci," ta ce.

"Safa na fara sawa."

"Safa? Kai?"

"Kar a gane hannun."

Ta dube shi, wata dariya ta kuɓuce mata ba shiri, ta haɗe da kuka. Ta cinye duka biyun da ya zuba. Da la'asar ta ce ya koma gida, ba ta da wurin kwana, kuma tana son ta zauna ita kaɗai. Bai ji ta ce ta yafe ba, bai kuma tambaya ba. Ta dai raka shi bakin matakala, ta kunna wayarta a gabansa.

Sai da aka yi wani mako biyar labarin ya dawo. Wannan karon a kantin Tokiko ya karanta, don ya kasa jira har ya isa gida. Mafarauciya ta ce wa dodon kalma huɗu kacal: "Juyo ka dube ta." Aka buɗe shafi biyu a haɗe, babu rubutu, babu tururi. Fuskar mace ce a kan matashi, ta rame, leɓe a bushe, ido a buɗe, ba fushi a cikinsa. Yaeko ce. Masaji ya riƙe mujallar da hannu biyu. Tokiko ta ce ta duba agogo, ya fi minti ashirin bai ɗaga kai ba, har ta juya allon ƙofa ta kori masu saye biyu.

"Ta yi kyau ko a haka," in ji Tokiko, tana fyace hanci. "Ban san me ta gani a jikinka ba tun farko."

"Ni ma."

Babu wanda ya gane komai a garin. Ma'aikaciyar jinyar nan ta ce masa ta yi kuka har ta makara aiki.

Hannun Minori dai bai sauka ba. Da ƙanƙara ta fara narkewa likita ya sa ranar aiki, kuma ya faɗa mata gaskiya cewa wasu kan koma zane kamar dā, wasu ba sa komawa. Ita ta kira ta gaya masa, ta ce asibiti na son wani na jini ya sa hannu a takarda ya kuma zauna. Ya sake hawa jirgi. Ya zauna a benci a wani dogon baranda awa biyu da kwata, duk ƙofar da ta motsa sai ya miƙe. Da aka turo ta, ba ta gama farfaɗowa ba, fuskarta fari fat, bututu a hannu. Wata ma'aikaciya ta ce zai iya jira a waje in ya fi so. Ya ce a'a, ya ja kujera kusa da gadon.

Wata uku ta yi a gida tana jinya, tana ƙorafin sanyi da ƙarar injin niƙa. Yatsu uku sun dawo daidai, biyu har yanzu suna mata nauyi da safe, likita ya ce a ba su shekara. Ta koma Tokyo, ta koma aiki, mako biyu zane, mako ɗaya hutu. Sun fi dā magana, ko da yake ba sosai ba, kuma takan yi fushi ta kashe waya in ya cika tambayar hannu. Shi kuwa bai iya dainawa ba.